Kwana a Bakin Kogi Lokacin Cikar Ruwa: Abin da Wayarka Za Ta Gaya Maka, da Wanda Sai Sarkin Ruwa

Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba hotunan kogi kan cika TikTok da Facebook. Ruwa ya cika ya batse, ciyawa ta yi kore shar, kwale-kwale na wucewa da yamma. Daga nan sai wani ya jefa magana a zauren WhatsApp na abokai: "Mu je Yawuri mana mu yi kwana biyu a bakin ruwa, mu yi fatsa, mu gasa kifi." Wani ya buɗe manhajar yanayi, ya ga alamar rana a kan Asabar da Lahadi, ya turo hoton, shi ke nan an tsayar da rana.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba, amma ba tambayar da ya kamata aka yi mata ba. Ita tana faɗin ko sama za ta zubar da ruwa a inda kake. Ruwan da ke ɗaga kogi kuwa sau da yawa ba a kanka ya sauka ba. Ya sauka ne a wani wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita, kwanaki ko ma watanni da suka wuce, yanzu yake isowa. Kana iya kwanciya a kan yashi taurari na haske, babu ko ɗigon yayyafi, ka farka tabarmarka na yawo.

Zan ɗauki Yawuri a jihar Kebbi a matsayin misali, saboda kusan duk abin da ke rikita lissafin mai shirin irin wannan tafiya ya haɗu a can.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Kogin Neja ya taso daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali, ya wuce Yamai, ya shigo Najeriya ta Kebbi. Kafin ya kai Yawuri sai kogin Sakkwato ya zuba a cikinsa, ɗauke da ruwan Rima da na ƙasar Zamfara. Daga Yawuri zuwa kudu kuma tafkin Kainji ne, wanda ya samu bayan an gama madatsar a 1968.

Saboda haka kogin kan cika sau biyu a shekara. Na farko daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan damunar da ta sauka a kusa ne, ya zo da laka, ya yi launin kunu. Masana harkar ruwa a Kainji na kiran sa farar ambaliya. Na biyun shi ne mutane da yawa ba su sani ba. Ruwan da ya sauka a Gini kan shiga wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, ya bazu, ya yi ta tafiyar hawainiya, ba ya iso mu sai wajen Disamba zuwa Fabrairu. Lakarsa ta kwanta a hanya, shi ya sa yake zuwa garau, ana kuma kiran sa baƙar ambaliya. Ma'ana ana tsakiyar hunturu, leɓe na tsagewa, watanni babu ruwan sama, amma kogi na hawa. Babu manhajar hasashen ruwan sama da za ta nuna maka wannan.

Sai batun madatsa. Idan kana sama da ita, kamar Yawuri, ruwa na hawa ne lokacin da ake tara shi, sai tafkin ya riƙa komawa baya yana cinye gaɓa a hankali. Idan kana ƙasa da ita, kamar yankin Jebba, Mokwa ko Patigi, abin tsoro shi ne ranar da aka buɗe ƙofofi. Haka lamarin yake ga duk wanda ke ƙasa da Shiroro a kogin Kaduna, ko Goronyo a Rima, ko Tiga da Challawa da ke sauka Haɗeja, ko Dadin Kowa a Gongola. Mutanen Binuwai kuwa idonsu na kan Lagdo da ke arewacin Kamaru. A Satumban 2024 hukumar NIHSA mai lura da koguna ta sanar cewa za a fara sakin ruwan Lagdo da mita kubik 100 a daƙiƙa, a ƙara a hankali har zuwa 1,000. Mita kubik ɗaya na ruwa nauyinsa tan ɗaya ne. Ka lissafa da kanka.

Abu na farko da za ka yi ke nan, tun kafin ka sauke wata manhaja: buɗe taswira, ka sa yatsa a inda za ku, ka bi kogin baya-baya zuwa inda ya fito. Ka rubuta sunan kowace madatsa da kowane babban gari da ke sama da ku. Labarinsu za ka riƙa bibiya.

Shafukan da ke duba kogin kansa

Mafi sauƙi shi ne Flood Hub na Google. Ba sai ka sauke komai ba, a burauza ake buɗe shi, kyauta ne, kuma Najeriya da Nijar na ciki. Za ka ga ɗigo-ɗigo a kan koguna. Ka taɓa wanda ya fi kusa da wurin da za ku, zai nuna maka zanen yadda ruwa yake da yadda ake hasashen zai kasance har kwana bakwai gaba, da matakai: daidai, gargaɗi, haɗari, da matsanancin haɗari. Kada launin ɗigon ya ɗauke maka hankali. Ka dubi inda layin ya dosa. Layin da ke kan "daidai" amma yana miƙewa sama ya fi zama abin damuwa ga mai kwana a yashi fiye da wanda ke kan "gargaɗi" yana gangarowa, domin matakan an yi su ne don gari da gidaje, kai kuwa a cikin kwarin kogin za ka shimfiɗa tabarma. Ruwan da bai isa ya taɓa ko gida ɗaya ba ya isa ya rufe tsibirin yashi. Kuma ka taɓa ɗigo biyu ko uku da ke sama da ku, abin da ke can yau shi zai zo muku.

Ga masu ɗan taɓa rubuta manhaja, Open-Meteo na da API na ambaliya, kyauta, ba a buƙatar makulli. Ka ba shi lambobin wurin, ka nemi river_discharge, zai dawo maka da yawan ruwan da ake hasashen zai wuce a mita kubik cikin daƙiƙa, rana bayan rana. Bayanan daga tsarin GloFAS na Tarayyar Turai suke. Sai dai ya raba duniya ne gida-gida, kowane gida kusan kilomita 5, don haka yana iya ɗauko maka wani rafi da ke gefe maimakon babban kogin. Idan ka ga lamba ƙarama kamar 4 ko 12 a kan Neja cikin Satumba, rafi ka kama, domin a lokacin lissafin Neja da dubbai ake yi. Matsar da lambobin kaɗan ka sake tambaya. Da layi ashirin na Python za ka iya sa shi ya riƙa turo muku saƙo a Telegram kowace safiya.

Duka biyun hasashe ne da aka gina kan ruwan sama da yanayin ƙasa. Shawarar injiniya ya buɗe ƙofar madatsa ƙarfe biyun dare ba daga gajimare ake karanta ta ba. Wannan sai sanarwa: shafukan NIHSA da NEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar da za ku, da rediyon yankin. NIHSA kan fitar da hasashen ambaliya na shekara tun kafin damina, da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, NiMet kuma ta fitar da na damina. Wanda ke Kebbi ya riƙa sauraron labarin Yamai. Can idan ma'aunin kogi ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi, kuma ruwan nan ba shi da hanyar da ta wuce ta kanmu.

Manhajar yanayin ma tana da ranarta. Windy da makamantanta na nuna iska da hadari, kuma a kan faffaɗan ruwa irin na Kainji iskar da ke gaban hadari ita ke tayar da igiyar da ke kifar da kwale-kwale. Idan ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu kafin ka ji tsawa. Kowane uku kilomita ɗaya ne. In bai kai talatin ba, a bar ruwa, a ajiye sandar fatsa a ƙasa.

Taswirar da ke nuna kogin bara

Wannan tarko ne mai kyan gani. Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, ka ga wani farin yashi shimfiɗe a tsakiyar kogi kamar an share maka, ka sa masa alama ka tura wa abokai. Hoton nan yana iya shekara ɗaya ko biyu, kuma galibi na rani ne, saboda lokacin ne babu gajimare. A Satumba wurin na ƙarƙashin ruwa. Ko ruwan ya janye ma, yashin kogi ba ya zama wuri ɗaya, kowace ambaliya na kwashe shi ta zuba wani wuri.

Idan kana son hoto sabo, shiga Copernicus Browser. Taurarin Sentinel-2 kan ɗauki kowane wuri kusan duk bayan kwana biyar, kyauta. Bai kai na Google fitowa ba, kowane ɗigo mita 10 ne, amma ya isa ka ga inda ruwa ya tsaya a makon nan. Ka jera hoton yau da na makonni biyu baya, za ka ga gefen da ruwa ke ci. In gajimare ya rufe, akwai Sentinel-1 mai amfani da rada, yana ratsa gajimare, ruwa kan fito baƙi a cikinsa.

Sannan ka sauke taswirar yankin tun kana gida. Google Maps na ba da dama, Organic Maps da OsmAnd ma haka, kuma su biyun an yi su ne don aiki babu intanet. GPS ba ya buƙatar data ko layi, daga sama yake karɓa, don haka ko sabis ya ɗauke za ka ga inda kake. Amma kada ka dogara da manhajar da ke cewa tana auna tsayin wuri. Kuskuren GPS na waya a tsaye kan kai mita goma ko fiye, kai kuma maganar rabin mita kake yi.

Zuwa da kai

Duk abin da na lissafa a sama ba zai gaya maka inda kututture yake ba. Lokacin da aka cika tafkin Kainji ruwa ya rufe garuruwa da gonaki da itatuwa, har da tsohuwar Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Har yau akwai itatuwa a tsaye ƙarƙashin ruwa. Da rani ana ganin kawunansu. Idan ruwa ya cika sai su ɓuya ɗan ƙasa da fuskar ruwa, daidai inda cikin jirgi zai bi. Wanda ya san wurarensu shi ne mutumin da ya girma yana tuƙi a nan.

Saboda haka kafin a kafa tanti a je a gai da mai gari, a nemi Sarkin Ruwa. Zuwa da kai ya fi aike. A gaya masa ku su wane ne, kwana nawa za ku yi, sannan a yi masa tambayoyin da waya ba ta da amsarsu. Ranka ya daɗe, ruwa hawa yake ko sauka cikin kwana ukun nan? Bara ina ya tsaya? Ina dorina ke fitowa kiwo da dare? Wannan ta ƙarshe ba wasa ba ce, akwai dorinar ruwa a yankin Yawuri, kuma idan ruwa ya cika takan matso har gonakin shinkafa. Kwana a kan hanyarta tsakanin ruwa da ciyawa ya fi ambaliyar haɗari. Akwai kuma wuraren da al'umma ta hana su a wasu watanni, da nau'in kayan su da ba a yarda da su ba. Baƙo ba ya jefa ƙugiya sai da izini.

Ku tambayi batun tsaro kai tsaye, babu kunya. Dazukan da ke kewaye da Kainji da Shiroro sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan. A ganina zancen "mu yi nisa da mutane mu huta" da ake gani a bidiyon Turawa ba namu ba ne a yanzu. Ku yada zango inda ake hango fitilar gari, da sanin mutanen gari. Idan suka ce kada a kwana, a yini a dawo masauki.

Jirgi kuma, kowa da rigar kariya a jikinsa, a ɗaure, ba a ajiye ta a ƙarƙashin kujera ba. Har wanda ya iya iyo, domin iyo a kududdufin unguwa daban, iyo a ruwa mai gudu daban. Idan saurin ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa ninka huɗu yake yi, kuma ruwa mai gudu da bai wuce idon sawu da yawa ba, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum. Hukumar NIWA ta wajabta rigar, ta kuma hana tafiyar dare. Masu jirgi da yawa ba su da isassu, don haka ku saya ku tafi da naku. A Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, nan kusa da Yawuri, kaɗan ne suka tsira. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki cikin dare. In kun ga an cika jirgi har ruwa na lasar bakinsa, ku sauka ku jira wani.

Sanda ɗaya da ƙararrawa

Wurin kwana a tudun gaɓa ake zaɓensa, ba a tsibiri ba, ba kuma inda sai an ƙetare wata 'yar ƙorama kafin a koma hanya ba. Ƙoramar da kuka tsallake da ƙafa da la'asar ita ke fara cika. Ku dubi itatuwa: layin laka a jikin kututture da tarkacen ciyawa da leda da suka maƙale a rassa su ne shaidar inda ruwa ya taɓa kaiwa. A kafa tanti sama da nan. Kada kuma a matsa bakin gaɓa mai tsayi da ruwa ke ci ta ƙasa, takan zabtare ba sallama.

Na'urar da na fi yarda da ita a nan ba ta da batir. Ku kafa sanda daidai bakin ruwa, ku yi mata zane duk bayan taƙi ɗaya, ku ɗauki hotonta, wayar za ta rubuta lokaci. Ku sa ƙararrawa duk awa biyu, a raba dare tsakaninku, mai tashi ya haska ya sake ɗauka. Dalilin wahalar shi ne gangare. Idan ƙasar tana hawa mita ɗaya a cikin mita hamsin, ƙarin santimita 30 kacal zai turo ruwa mita 15 zuwa wajenku. Ku yanke tun da rana cewa in ruwa ya kai zane kaza za a tattara a hau sama, ba muhawara. Ƙarfe ukun dare, kowa da barci a ido, ba lokacin shawara ba ne.

Haka ma kafin a bar gida. A rubuta a zauren cewa in Flood Hub ya nuna hawa, ko aka ji sanarwar sakin ruwa a sama, ko Sarkin Ruwa ya ce a'a, an fasa. Idan an riga an biya kuɗin mota an sayi kaji, babu mai son zama wanda ya ce a fasa, sai dai in ƙa'idar ta riga ta faɗa.

Tudun da kuka gudo masa, macizai ma nan suka gudo. A zuge tanti, a kakkaɓe takalmi da safe, kada a taka ciyawa babu fitila. Gidan sauro dole ne. Ruwan sha a taho da shi ko a tafasa, kuma a rage wanka a ruwan da ke kwance a gefen fadama, nan ake ɗaukar tsargiya.

Waya da caji

IP67 na nufin wayar ta jure mita ɗaya na minti talatin a ruwa mai tsabta da ke tsaye, lokacin tana sabuwa. IP68 ya ɗara haka, gwargwadon abin da kamfanin ya faɗa. IP53 da IP54 da ake gani a wayoyi masu sauƙin kuɗi yayyafi da fantsama kawai suke tarewa. Wayar da aka taɓa canza wa gilashi ko batir kuwa, ka ɗauka ba ta da ko ɗaya. Kuma duk lambar da take da ita ba za ta hana ta nutsewa ba. Jakar leda ta waya mai igiyar rataya ta fi su duka amfani. Wata ƙaramar waya mai madannai, da layin wani kamfani daban, a ƙulle a leda biyu, ta zauna a jakar wani.

Fawa-bankin da aka rubuta wa 10,000mAh ba zai cika wayar 5,000mAh sau biyu ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiya a hanya wajen sauya wutar, abin da za ka samu sau ɗaya ne da ɗan ƙari. Kwana biyu, mutum huɗu, ku nemi na 20,000 guda biyu. Inda sabis ke da rauni waya na shan caji wajen laluben sa, don haka a sa ta a yanayin jirgin sama, a riƙa buɗewa a lokutan da aka tsayar.

Nuna wuri kai tsaye na WhatsApp awa takwas ne iyakarsa, kuma sai da data. Saƙon tes ya fi shi juriya, yana fita ko da sanda ɗaya ta sabis. Ku kwafi lambobin wurin daga taswira ku tura wa mutum ɗaya a gida, tare da lambar mai jirgi, da lokacin da za ku riƙa kira, da abin da zai yi in lokacin ya wuce bai ji ku ba. Lambar gaggawa 112 ce, amma mai kwale-kwalen da ke gari zai riga kowa isowa, lambarsa za ku fara ajiyewa.

To, kifin fa?

Lokacin cikar ruwa ba lokacin kamu ba ne. Kifi kan bar tsakiyar kogi ya bi ruwa cikin fadama ya yi ƙwai, ya bazu a fili mai faɗi, abinci ya yi masa yawa, tanar da ke ƙugiyarka ba ta dame shi ba. Masunta sun fi samu idan ruwa ya fara janyewa, kifi na komowa ta bakin ƙoramu ya taru. Ba banza ba ake bikin kamun kifi na Argungu wajen Fabrairu ko Maris, lokacin da Matan Fada ya ja baya. Idan kifi ne ainihin abin da ya kai ku, ku tambayi Sarkin Ruwa watan da ruwa ke sauka a wurinsu, ku ɗage tafiyar.

In kuma an je a cikin ruwan, a bar tsakiyar kogi. A nemi inda ruwa ya lafa, bayan wata kwana, gefen ciyawa, ko bakin ƙorama inda ruwa biyu suka haɗu. A ruwa mai laka kifin da ke farauta da ido, irin su tsage da giwan ruwa, ba ya ganin abincin sosai. Tarwaɗa da kurungu kuwa da gashin baki da sansane suke nema, su za ku fi samu, da tana ko hanjin kaza, a ƙara nauyin dalma don ƙugiya ta zauna a ƙasa. Kurungu na da ƙaya uku masu kafewa, ɗaya a baya biyu a gefe, a riƙe shi da tsumma. Idan kuma aka jawo wani mai taushin jiki, mai ɗigo-ɗigo, mai kama da tarwaɗar da ta yi ƙiba, minjirya ce. Kada a taɓa ta da hannu, a yanke zaren.